Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa: me doka ta ce, me za a duba kafin a bar gaɓa?

Maryam Gwarinpa: Salamu alaikum jama'a. Sallah ta ƙarato, kuma kun san yadda tafkin Jabi na Abuja ke cika da iyalai a ranakun nan. Bana har akwai masu shirin ɗaukar hayar jirgi a dam ɗin Shiroro, wasu na maganar na Kainji. Masana ruwa na wannan zaure, a taimaka mana da bayani dalla-dalla. Mene ne dole a doka, mene ne kuma dole a hankalce ko da doka ba ta ambata ba?

Malam Isa: Wa alaikumus salam, Malama Maryam. Hukumar da ke kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ita ce NIWA, an kafa ta a 1997, hedikwatarta na Lokoja. Akwai ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 da take aiki da su. Abin da ya shafe ki a matsayin fasinja: jirgi ya kasance da rajista, matuƙi ya kasance da lasisi, kowa ya sa rigar ceto kafin ya taka jirgi, a rubuta sunayen waɗanda suka shiga, kada a wuce adadin da aka yanka wa jirgin, kuma babu tafiya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. A cikin duka, rigar ceto ce ta farko. Duk inda mai jirgi ya ce miki "ai nan da can ne, ba sai an sa ba", ki karɓi kuɗinki ki koma.

Kawu Ɗanjuma: Malam Isa, ban ƙi ta taka ba, amma ni a wurina ba rigar ce ta farko ba. Riga tana aiki ne bayan an riga an yi ɓarna. Abin da ke kifar da jirgi lodi ne, da lokaci, da iska. Ka duba hatsarin Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, a ruwan Kainji, da na madatsar Watari a Bagwai a ƙarshen Nuwamban shekarar, inda yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne, da na Patigi a Yunin 2023 da ya ci 'yan biki fiye da 100. Allah ya jiƙansu. A dukansu maganar lodi ta fito. Waɗannan jiragen sufuri ne, na sani, amma jirgin shaƙatawa ranar Sallah halinsu ɗaya: layi ya yi tsawo, mai jirgi na ganin kuɗi, sai a ce "ƙara yaran nan biyu, ai ba su da nauyi".

Malam Isa: Da suna sanye da riguna, Kawu, da adadin bai kai haka ba.

Kawu Ɗanjuma: Da ba a cika jirgin ba, da ba a kai ga neman rigar ba. To mu bar wannan, ga lissafi. Jirgin da aka ƙera a masana'anta yana zuwa da ɗan faranti a manne kusa da mazaunin matuƙi ko a jikin allon baya, an rubuta adadin mutane, da jimlar nauyi, da ƙarfin injin da zai iya ɗauka. Nauyin za a bi, ba ƙirgen kawuna ba. Idan babu farantin, akwai ƙiyasin da ake amfani da shi a Amurka ga jirgin da bai kai ƙafa 20 ba: tsawo sau faɗi, a ƙafa, a raba da 15. Jirgi mai ƙafa 18 da faɗin ƙafa 5 ya ba da 90, a raba da 15, mutum 6 ke nan har da matuƙi. Sai dai ƙiyasin ya ɗauki kowane mutum a kan kilo 68 ne, wato jimla kilo 408, kuma a ruwa mai kwanciya. Magidantanmu da yawa sun haura kilo 85. Ka haɗa da kular lemo da ƙanƙara, da sifika, da tankin fetur mai lita 25 wanda shi kaɗai ya kusa kilo 20, za ka ga mutum 6 sun koma 4 ko 5.

Hanyar gani da ido: bayan kowa ya zauna, a dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi, musamman a baya inda inji yake. Idan mutum zai iya taɓa ruwa da yatsunsa alhali tafin hannunsa na kan bakin jirgin, an yi yawa. A sauke wani.

Injiniya Bala: Bari in ƙara kan maganar Kawu, don akwai nauyin da ba a ƙirgawa: ruwan da ya taru a cikin jirgi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ƙasan jirgi mai tsawon mita 4 da faɗin mita 1.5, idan ruwa ya kwanta a ciki zurfin santimita 5 kacal, lita 300 ne. Nauyin manya huɗu ke nan da ba su biya kuɗin shiga ba. Kuma ya fi mutane illa, domin da jirgi ya ɗan karkata, duk ruwan zai gangara can gefen ya ƙara danna shi. Shi ya sa bokiti ko jarkar da aka yanke wa kai, ɗaure da igiya, ba kayan ado ba ne. A kuma tabbatar an ɗaura toshiyar ramin fitar da ruwa ta baya kafin a tura jirgi. Ana mantawa da ita fiye da yadda kuke zato, kuma ba a ankara sai ƙafa ta jiƙe.

Maryam Gwarinpa: Ikon Allah. To rigar fa, Malam Isa? Na ga wasu kamar soso ne kawai aka ɗinke a leda.

Malam Isa: Ki duba rubutun da ke ciki. Akwai lamba da harafin N a gaba, ma'aunin ƙarfin ɗagawa ne. Mai 50 ta wanda ya iya ruwa ce kuma yana kusa da gaɓa, irin ta masu babur ɗin ruwa, ba ta juya mutum. Mai 100 ta ruwa mai kwanciya ce. Mai 150 ita aka ƙera don ta juyo da wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama. Ga babban dam, da kuma mutanen da yawancinsu ba su iya iyo ba, 100 ce mafi ƙaranci, 150 ta fi.

Gwaji kafin a sa: a matse soson, idan ya lotsa bai dawo ba ko ya ji ruwa ya yi nauyi, ta mutu. A ja kowane madauri da ƙarfi, domin rana na cin zaren har ya riƙa tsinkewa a hannu. Bayan an sa an ɗaure, mutum ya ɗaga hannuwansa, wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama. Idan ta haura ta rufe haɓa ko kunnuwa, ta yi yawa ko ba a tsuke ta ba, kuma a ruwa haka za ta yi: ita ta tashi, shi ya zurma ƙasa. Ta yara ana zaɓa ne da nauyin yaro, ba da shekaru ba, kuma dole ta kasance da madaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu, da abin tallafe wuya. Kada a sa wa yaro ta babba a ce a naɗe. Akwai kuma masu hura kansu da ƙaramar tukunyar iska mai giram 33. Suna da daɗin sawa, amma idan irin wadda sai an ja zare ce, ba ta dace da yaro ko wanda bai iya ruwa ba, don firgici ba ya barin mutum ya tuna da zare.

Hajiya Rabi: Ni tambayar mata zan yi. A kan hijabi ake sawa ko a ƙarƙashi? Na ga ana yin duka biyun.

Malam Isa: A sama da komai, Hajiya. Idan tana ƙarƙashin dogon hijabi, da an faɗa ruwa yadin zai taso ya lulluɓe fuska, kuma mai ceto ba zai samu inda zai kama ba. A sa gajeren hijabi, ko a tattare dogon a cusa cikin rigar sannan a ɗaure. Maza kuma babbar riga ta zauna a mota. Ba don nauyi kawai ba: duk yadin da ke lilo a bayan jirgi, gyale ko hannun riga, farfela na iya kamawa.

Baba Makanike: To a zo kan inji, don rabin wahalar da ake sha a tsakiyar ruwa daga nan take. Yawancin jiragen nan injin rataye suke amfani da shi, irin wanda ake haɗa wa fetur da mai. Haɗin da aka saba 50 da 1 ne, wato mililita 20 na mai a kowace lita, rabin lita a tanki mai lita 25. A duba littafin injin, don sabon inji kan nemi mai fiye da haka a awannin farko. Man kuma na injin ruwa ne, mai alamar TC-W3, ba baƙin man mota ba. Mai ya yi kaɗan, fistin ya kama. Ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, inji ya riƙa tari.

Fetur a raba shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Inji mai ƙarfin doki 40 idan aka buɗe masa wuta gaba ɗaya yana iya shan kusan lita 20 a awa, kuma dawowa gaba da iska ta fi ci. A guji man bumburutu na jarka, ruwa da datti ke toshe kafireto.

Da an tayar da inji, kafin a kwance igiya, a dubi siririn ruwan da ke tsartowa daga bayansa. Shi ke nuna famfon sanyaya inji na aiki. Idan babu shi, a kashe nan take. Ko leda ta rufe ramukan shan ruwa na ƙasa, ko robar famfon ta cinye. Robar nan tana lalacewa cikin ɗan lokaci idan aka tayar da inji a tudu babu ruwa, kuma gara a canza ta duk shekara. Wani abin kuma: ɗan sukurun iska da ke kan murfin tanki. Idan aka bar shi a ɗaure, inji zai yi tafiya lafiya na wasu mintuna, sai ya mutu a tsakiya, a yi ta jan igiya a banza.

A akwatin jirgi a samu fulogi biyu da sifanarsu, filaya, igiyar tayar da inji ta ko-ta-kwana, fil ɗin farfela, wuƙa, filafili biyu, tocila, usur, da tukunyar kashe gobara mai gari. Idan za a zuba mai, a kashe inji, fasinjoji su sauka, a fitar da tankin a cika shi a ƙasa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya ne a ƙasan jirgi yana jiran sigari ko tartsatsin batir.

Sadiya Kubwa: Baba, jar igiyar nan mai lanƙwasa da ke rataye a jikin inji fa? Kullum a rataye nake ganinta.

Baba Makanike: 'Yata, wannan ita ce abin da ya fi ɓata mini rai. A jikin matuƙi ake ɗaura ta, a cinya ko a jikin rigar cetonsa. Idan ya faɗa ruwa, za ta fizge makullin, inji ya mutu. Idan ba a ɗaura ba, jirgi zai ci gaba babu kowa a kan sitiyari, kuma yakan juya ya riƙa zagaye, ya dawo kan wanda ya faɗa da farfela tana juyawa. Ki tambayi matuƙi ya ɗaura kafin a tashi. Ya kuma nuna wa babba ɗaya cikinku yadda ake mayar da makullin da yadda ake kashe inji.

Injiniya Bala: Yanzu bambancin dam da tafkin Jabi. Jabi ƙarami ne, ana ganin gaɓa ta kowane ɓangare, akwai jama'a da wasu jirage kusa. Kainji, da aka kammala a 1968, tsawon tafkinsa ya haura kilomita 100, kuma ƙasa ce da aka nutsar, da itatuwanta da duwatsunta, har da tsohon garin Bussa. Shiroro a kan kogin Kaduna yake, tun 1990, shi ma haka. Ruwan dam yana hawa da sauka mitoci da dama a shekara. Inda jirgi ya wuce lafiya a watan Oktoba, a watan Mayu kututture na iya kasancewa taƙi ɗaya ƙasa da saman ruwa. Jirgi mai gudu ya hau shi, ko ya fashe ko ya kife. Saboda haka kada baƙo ya tuƙa da kansa. A ɗauki matuƙi ɗan wurin, a kuma gaida Sarkin Ruwa ko shugaban masunta a ji inda ba a bi. Robobin ruwa da goruna da kuke gani jere a sama ba shara ba ce, alamar raga ce ko mamari. A zagaye su a hankali, in ba haka ba zare ya naɗe farfela, ga kuma rigima da mai raga.

Bangon dam kuwa, a yi nesa da shi, komai kyan hoton da za a samu. Kusa da inda ruwa ke shiga injinan wuta da ƙofofin sakin ruwa, saman yana iya zama lumui alhali ƙasa tana ja. Inji ya mutu a nan, filafili ba zai fitar da ku ba. Ƙasan dam ma haka: da an buɗe ƙofa ko an ƙara injin wuta, kogi na tasowa cikin mintuna. Duk inda aka ga igiyar iyaka ko durom na alama ko allon gargaɗi, nan ne ƙarshen yawo. Waɗannan wurare ne masu tsaro kuma, a nemi izini tukuna, a kuma binciki lafiyar hanya kafin a kama ta.

Sadiya Kubwa: Usuma fa, ta wajen Ushafa? Ta fi kusa.

Injiniya Bala: Usuma ruwan shan Abuja ne, a hannun hukumar ruwa ta birnin tarayya take. Ba wurin da mutum zai jawo jirginsa ya jefa ba ne ba tare da izininsu ba. A ra'ayina ma injin da ake haɗa wa mai bai kamata ya shiga ruwan sha ba, don wani ɓangare na man yana fita ta salansa ba tare da ya ƙone ba.

Kawu Ɗanjuma: Saura sama, wanda shi ne babba a wurina. Farkon damina, Afrilu zuwa Yuni, hadari kan taso da yamma lis daga gabas, iska na gaba ruwan sama na baya. A babban dam iska na samun fili mai tsawo, sai ta tara igiyar ruwa gajeru masu tsini, waɗanda suka fi wahalar da ƙaramin jirgi. Da an ga gabas ta yi baƙi, ko iska mai sanyi ta bugo kwatsam, a nufi gaɓa mafi kusa, ba lallai inda aka taso ba. Walƙiya kuma a ƙirga: sauti na cin kilomita ɗaya a daƙiƙa 3. Idan tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, tana cikin kilomita 10, a fita daga ruwa, kuma a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. Idan iska ta riga ta kama ku, kowa ya zauna a ƙasan jirgi a tsakiya, a rage gudu, a tari igiyar ruwa da goshin jirgi a ɗan karkace, kada a ba ta gefe, kada kuma a ba ta baya. Da hunturu matsalar hazo ce, gaɓa na ɓacewa. Shi ya sa safiya ta fi yamma. Ni shawarata a tashi da hantsi, a dawo kafin La'asar, kada a tsaya jiran ƙarfe 6 na doka.

Malam Isa: Nan kam mun haɗu, Kawu.

Nuhu Jos: Gaisuwa daga Filato. Namu nan yawanci kududdufan tsohuwar haƙar kuza ne, irin na Rayfield, sai madatsu irin Lamingo. Hatsarinsu daban: ba su da gangare, taku biyu daga baki sai zurfi, bangon kuma laka ce mai santsi da ke zubewa. Ruwan na da sanyi, musamman da hunturu, kuma wanda ya faɗa kwatsam numfashinsa kan sarƙe ya shaƙi ruwa kafin ya fara iyo. Ruwan daɗi kuma bai kai na teku ɗaga mutum ba. Don haka "na iya ruwa" ba hujjar ƙin riga ba ce.

Anti Laraba: A matsayin ma'aikaciyar jinya, ga abin yi idan wani ya faɗa. Mai nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, bakinsa na shiga yana fita ne shiru, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya yana iya ɓacewa. Mutum ɗaya ya nuna shi da yatsa kada ya ɗauke ido. A jefa masa zoben ceto mai igiya, ko jarkar da babu komai ciki a rufe. Sauran kowa ya zauna inda yake, domin ruguwa gefe guda don kallo shi ke kifar da jirgin gaba ɗaya. Kada kowa ya yi tsalle ya bi shi. Matuƙi ya tunkare shi a hankali yana fuskantar iska, ya kashe inji kafin a jawo shi.

Idan an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, a hura masa iska sau 5, sannan danna tsakiyar ƙirji sau 30 da hura iska sau 2, a yi ta maimaitawa. Dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba. Wani ya kira lambar agajin gaggawa, 112. Kada a ɓata lokaci ana matsa ciki ko a riƙe yaro ƙafa sama wai a zubar da ruwa, amai zai jawo ya shiga huhu. Ko ya farfaɗo yana magana, in dai yana tari ko numfashi na masa wuya, asibiti. Idan jirgin ne ya kife, a riƙe shi, a ƙirga kawuna. An fi hango jirgi daga nesa a kan kan mutum, kuma gaɓa ta fi yadda ido ke nunawa nisa.

Ɗan ƙari: a hana yara wanka a bakin dam inda ciyawa da katantanwa suke, nan ake ɗaukar tsargiya.

Sadiya Kubwa: Masu babur ɗin ruwa da ke yanko gaban jirage a Jabi fa? Wa ke da hanya?

Malam Isa: Idan an haɗu gaba da gaba, kowa ya karkata damansa. Idan hanya ta gitta, wanda ya ga ɗan'uwansa a damansa shi zai kauce, ya bi ta bayansa. Mai wucewa shi ke da alhakin ba da tazara, mai inji kuma ya kauce wa mai filafili ya rage gudu, don igiyar ruwan da ya bari a baya ta isa ta cika kwalekwale. Jirgi ba shi da birki. Babur ɗin ruwa kuwa da ruwan da yake feshowa yake juyawa, da yawansu idan ka saki wuta sitiyari ya daina ji, shi ya sa ɗan koyo ke sakin wuta a firgice ya tafi kai tsaye kan abin da yake gudu. Wanda ya sha barasa ko ƙwaya ba ya taɓa sitiyari.

Hajiya Rabi: Idan inji ya mutu a dam, sai a jefa anga a jira?

Baba Makanike: Idan zurfin ya bari, Hajiya. Igiyar anga tana son ninki 5 zuwa 7 na zurfin ruwa, wato a zurfin mita 6 ana buƙatar mita 30 zuwa 42, da 'yar sarƙa mita 2 ko 3 kusa da angar don ta kwanta ta kama ƙasa. A goshin jirgi ake ɗaurewa. Wanda ya ɗaure a baya, inda nauyin inji ya riga ya danne, igiyar ruwa za ta riƙa hawowa ta kan allon baya har ya cika. A tsakiyar babban dam kuwa igiyar ba za ta kai ƙasa ba. A nan sai a ɗaura bokiti mai ƙarfi a igiya a sake shi daga goshi, zai rage jan iska ya kuma riƙe goshin yana fuskantar igiyar ruwa. Waya ta kasance cikin leda a ɗaure, da lambar wani mai jirgi na wurin. Kafin a tashi kuma a bar wa mutum ɗaya a gaɓa sunayen kowa, da ɓangaren da aka nufa, da lokacin dawowa, a gaya masa idan an wuce da minti 30 ya tayar da jirgi ya biyo, domin a wurare da yawa a kan Kainji da Shiroro waya ba ta samun sabis.